Zangon da anka matse ya ƙare, ku taho mu yi lissahi

Hedimastan Bakin Gulbi:
Assalamu alaikum mutanen wanga zaure. Yau Juma'a 28 ga Fabrairu 2025 munka ba da hutu nan jihar Kebbi, sai 7 ga Afrilu in Allah ya kai mu da rai. Yanzu na shigo gida, ko ƙurar ƙafata ban wanke ba. Wallahi tun da na kama aikin ga ban taɓa ganin zango mai gudu irin wanga ba. Abin da ya saba cin mako sha biyu ko sha uku anka matse shi ya koma kamar takwas don a tashi kafin azumi, amma aikin ko ɗaya ba a rage ba, tes biyu, jarabawa, wasannin gidaje da ake raba ɗalibai rukuni-rukuni su yi gasa, fom ɗin ƙidayar yara da anka maido muna sau biyu wai mun cike ba daidai ba, taron SBMC wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, baƙi masu duba makaranta, ga sanyin hunturu da yaro ba ya fitowa gida sai rana ta ɗaga, ga dashen shinkafa a fadama da ya kwashe min kusan rabin aji biyar da aji shida.

To duk wannan ba shi ya hana ni barci jiya ba. Ina zaune ofis ina sa hannu kan katin sakamako, sai na ci karo da na wani yaro ɗan aji huɗu, ya zo na uku a ajinsu. Na ce a kira min shi in sa mishi albarka. Da ya zo na miƙa mishi katin na ce karanta min abin da malaminka ya rubuta a ƙasa. Kalma biyar ce kacal, da Hausa: ya yi ƙoƙari, ƙara himma. Yaron ga ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin, sai ya fara hawaye. Na uku fa a aji. Shi ne nake tambaya, a mako takwas ɗin ga mi munka yi? Kowa ya faɗi yadda nashi zango ya kasance, amma don Allah a faɗi gaskiya, ba irin rahoton da muke rubutawa ba.

Malamin Lissafi:
Wa'alaikumus salam ranka ya daɗe, sannu da fama. Ni fa ban ga abin mamaki a nan ba. Ka tambayi kanka yadda ake jarabawar mana. Malami ya rubuta tambaya a allo, ya karanta musu da baki, ya ce A kaza B kaza, yaro mai kaifin kai ya ji da kunne ya zana A. Ai zai ci. Yaron naka ba daƙiƙi ba ne, da kunne yake karatu ba da ido ba. Kuma kar a ɗora wa malamin ajin laifi, an ba shi sikim, wato jadawalin darussan zango, na mako sha biyu an ce ya gama a takwas, wanda zai zo dubawa dayarin da malami ke rubuta abin da ya koyar zai buɗe ya ga ko an cike mako-mako, ba zai kira yaro ya ce karanta ba. Ni kaina na yi gudu, rabawa mai tsawo da ya kamata ta ci mako biyu a kwana uku na wuce ta, Allah na tuba.

Malamar Aji Ɗaya:
Hmm. Ni in na fara ba zan gama ba. Ajina a rajista yara sun haura ɗari, masu zuwa kullum kamar saba'in zuwa tamanin, benci tara gare mu sauran a ƙasa suke zama, kuma kun san simintin nan da sanyin safiya yadda yake. Makon farko da na biyu rabin ajin tari da majina, leɓe duk ya tsage, wasu ba rigar sanyi sai zanen uwarsu suke yafowa. Sai na daina fara darasi a cikin aji, in an tashi daga asambuli mu koma bayan ajin inda rana ke bugawa, kowa ya share ƙasa gabansa ya zama allonsa, mu yi ta ba bi bu be bo da yatsa. Na tara murfin kwalba na rubuta gaɓoɓi a ciki da alƙalamin maka, yaro ya ɗauko biyu ya haɗa, in ta ba da kalma ya ci, in ba ta ba da ba a yi masa dariya ya sake. Ba zan ce kowa ya iya ba amma da na gwada su ɗaya bayan ɗaya a makon ƙarshe na samu sama da talatin da ke haɗa gaɓa biyu su karanta, kuma a watan Janairu ba su kai goma ba. Sikim kuwa ban gama ba, kuma ban rubuta na gama ba.

Malamin Lissafi:
Malama kin yi sa'a hedimastanki mai sauƙin kai ne. Wani wurin da tuni an ba ki takardar neman bahasi.

Malamar Aji Ɗaya:
Ai ya yi magana Malam. Na ce masa ya shigo ajin ya zaɓi yaro da kansa. Bai sake tayar da zancen ba.

Baba Mai Fansho:
Ɗiyana sannunku da aiki. Ni na aje alli da daɗewa amma wagga magana ta taɓa ni. Hedimasta, yaron ga naka da ya kasa karanta kalma biyar, ka tambaye shi izu nawa gare shi a makarantar allo? Ina kyautata zaton in ka ɗauko allonshi zai biya maka tsaf. To mi ya sa can ya iya nan ya kasa? Don can malam ba ya da sikim. Yaro na babbaƙu shina nan kan babbaƙu har sai ya san su, sannan a kai shi farfaru, kuma ba a wanke allo sai an biya anka ji ya zauna. Almajiri talatin gaban malam guda kowa da inda ya kai, babba na biya wa ƙarami. Mu ko a boko mun ce duk wanda ya shekara tara to ɗan aji huɗu ne, ko ya iya ko bai iya ba a tura shi gaba. Lokacin da muna koyarwa da takardar shaidar malanta ta Gireti Tu yaro na maimaita aji kuma uban ba ya zuwa da faɗa. Ban ce a koma ga bulala ba, mun yi kuskure da yawa mu ma, amma wanke allo kafin a biya, wannan ku kunka ƙirƙiro shi.

Sabon Malami:
Baba Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi ne kusan abin da aka taɓa nuna mana a wani bita, hanya ce da aka fara a Indiya, a gwada yara ɗaya bayan ɗaya a raba su gwargwadon inda suka kai ba gwargwadon ajinsu ba, waɗanda ba su san harafi ba rukuni ɗaya, masu harafi, masu kalma, masu jimla, masu karanta ɗan labari, a ba su kamar awa ɗaya kullum a haka sannan kowa ya koma ajinsa. Na zauna ina ta rubutawa a littafi kamar sabon abu, ashe a zauren gidanmu ake yinsa tun kafin a haife ni hhh. Ni wannan ne zangona na biyu da fara aiki bayan na gama karatun malanta na NCE a Argungu, kuma gaskiya abin da ya fi ba ni wuya ba yaran ba ne, rubutun lesin not ne, wato shirin darasi. Darasi shida ko bakwai a rana kowanne da nasa, da daddare nake yi da fitilar waya.

Ɗan Zuru:
Barkanmu da hutu abokan aiki. Ni zan taɓo inda ake kewayewa. Matse zangon nan da rufe makaranta mako biyar shi ne ya jawo gudun da kowa ke kuka da shi. A makarantarmu akwai yaran Musulmi akwai na Kirista, kuma ko a cikin na Musulmin, ɗan aji ɗaya zuwa uku nawa ne ke azumi? Yaron da Malama ta sha wahala ya fara haɗa ba da bi, zai zauna gida har 7 ga Afrilu ba mai buɗe masa littafi, ya dawo ya manta rabi. Da an bar mu mu riƙa tashi ƙarfe sha ɗaya ko sha biyu kamar yadda aka saba a baya, da ba a yi asarar komai ba. Ba raina azumin kowa nake ba, maƙwabtana da su nake shan kunun buɗa baki duk shekara.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Ɗan Zuru ina ganin girmanka amma ka zo Birnin Kebbi cikin watan Maris ka shiga aji mai rufin kwano ba silin da ƙarfe sha ɗaya, sannan ka zo mu yi magana. Yaran ba sa azumi, malaman fa? Malama mai shayarwa da azumi a bakinta ta tsaya gaban yara tamanin tana ɗaga murya? Kuma ba Kebbi kaɗai ba ce, Kano da Katsina da Bauchi duk haka suka yi.

Ɗan Zuru:
Na sani Hajiya, kuma na san zafin, Zuru ma ba Jos ba ce. Amma a Afrilu da za mu koma zafin raguwa yake ko ƙaruwa? Kin ga ba zafi ne dalilin ba ke nan.

Malamin Lissafi:
Nan kam ya kama ki Hajiya hhh. Amma ni a ganina matsalar ba hutun ba ce, da tun Satumba aka zauna aka raba sikim ɗin shekara daidai da kwanakin da kowane zango zai samu, da ba wanda ya yi gudu. Watan azumi ba ɓoyayyen abu ba ne, kowa ya san duk shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, ana iya lissafa na shekara biyar masu zuwa yau ɗin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Admin:
Jama'a an ga wata, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar gobe Asabar ɗaya ga Ramadan. Allah ya sa muna cikin 'yantattun bayi. Maganar hutu kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin mutunci kamar yadda aka fara, duk wanda ya sako zagin addini zan cire shi ba sanarwa. A ci gaba.

Mai Albasa:
Salamu alaikum malamai, an sha ruwa lahiya? Ni ba malami ba ne, uba ne, ɗana ya sa ni cikin wanga zaure. Na ga Hedimasta ya ce fadama ta kwashe mishi yara, to ni ina cikin masu kwashewa kuma ba ni ɓoyewa. Mu nan wajen Aliero albasa ita ce albashinmu. Tun da anka cire tallahin mai a 2023 kuɗin da nike zuba wa injin ban ruwa ya hi ƙarhina, ɗan ƙwadago kuma in ka kira shi sai ya gaya maka kuɗin da za ka riƙe baki. Ina da ɗiya maza uku, in ban tahi da biyu gona ba wa zai yi min? Kuma ku gaya min gaskiya tunda Hedimasta ya ce a faɗi gaskiya, yaron da ya shekara huɗu a makaranta bai iya karanta sunanshi ba, in na bar shi wajenku mi ya ƙaru da shi? A gona ko banza ya san lokacin da albasa ke son ruwa.

Hedimastan Bakin Gulbi:
Alhaji wallahi maganarka ta yi min zahi amma ba ni da bakin musu. Abin da kawai zan ce, yaron da ke zuwa Litinin ya ɓace sai Alhamis, ko malamin da ya hi kowa ba zai iya mishi komi ba, don karatu kamar ban ruwan naka ne, in ka tsallake kwana huɗu ka san abin da za ka tarar. Mu abin da munka gwada wanga zango, mun zauna da iyaye a taron SBMC, mai gari na nan liman na nan, munka roƙa a bar muna yara daga takwas zuwa sha ɗaya kawai a makonnin dashe, bayan nan su wuce fadama ba mai rubuta musu fashi. Wasu sun cika alkawari wasu ko mako ba su kai ba. Amma ya hi da, don bara ajin shida akwai ranar da na tarar da yara bakwai.

Mai Albasa:
To wannan magana ce. Da haka anka ce min da na yarda. Mu namu sai dai a aiko wai za a kai ƙararmu wajen hakimi.

Malamar Aji Ɗaya:
Akwai kuma abin da ba a faɗa ba, yunwa. Lokacin da ake ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, da an ga masu abinci sun shigo da kuloli ajin cika yake har taga. Tun da aka dakatar da shirin a farkon 2024, in aka fita tara wasu ba sa dawowa, sun tafi gida neman ɗumame, kuma uwa in ta ga yaro ya dawo ba za ta sake koro shi ba, tallan ƙuli ko awara za ta ɗora masa. Shi ya sa ni duk abin da nake so ya shiga kansu kafin tara nake yinsa. Bayan tara waƙa ce da tatsuniya.

Maman 'Yan Biyu:
Tunda ana faɗin gaskiya ni ma ga tawa. Makarantar yarana an karɓi kuɗin jarabawa, an karɓi na wasanni, an ce kowane yaro ya ɗinko riga kalar gidansu, nawa biyu kuma aka raba su gida daban-daban ɗaya ja ɗaya kore don kar ma in ce su riƙa karɓa-karɓa. Ba dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 ce ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ba? Ina kyautar take? Ni ina iya biya alhamdulillahi, amma maƙwabciyata marayu take riƙo, 'yarta ranar jarabawa ƙin zuwa ta yi don kunya.

Hedimastan Bakin Gulbi:
Hajiya dokar haka ta ce, kuma duk hedimastan da ya kori yaro ranar jarabawa saboda kuɗi ya yi zalunci, ban da wani kwana-kwana. Amma bari in gaya miki yadda abin yake daga cikin ofis. Takardar jarabawa sai an buga, rim ɗin takarda ya ninka, mai fotokwafi shi ma da janareta yake aiki. Allin da munka yi zangon ga da shi ni da mataimakina munka saya. In ba a karɓi komi ba sai a koma rubutu a allo, shi ne irin jarabawar da Malamin Lissafi ya kwatanta wadda ta ba ni na uku da ba ya karatu. Mu dai abin da munka yi, ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ta yanke abin da za a ba da, anka ce wanda ba shi da shi kada a tambaye shi sau biyu, kuma ba a kiran suna gaban aji. Riga kuwa mun hana, ƙyalle munka yanka kowa ya ɗaura a hannu.

Malamin Lissafi:
Wasannin nan ma ni da za a bi tawa da an ɗage su bana. Mako uku ana fareti da yamma da safe, ganga na tashi ba mai jin abin da kake faɗa a aji. Zangon da ba shi da lokaci shi aka ɗora wa biki.

Sabon Malami:
Yaya a nan kam ban bi ka ba. Akwai wata yarinya a ajina, aji uku, tun da na zo ban taɓa jin muryarta ba, tana can ƙarshen aji jikin bango kuma fashinta ya fi zuwanta yawa. Ranar gwaji aka sa ta tseren buhu don gidansu na wasanni ba su da mutum, ta bar kowa a baya, aka sa ta gudun mita ɗari nan ma haka. Ranar wasan kakarta ta zo da kanta tana guɗa, aka ba ta bokiti da sabulu. Daga ranar har aka yi hutu ba ta sake fashi ba kuma ta dawo layin gaba da zama, ni ban ce mata ta dawo ba. Ban san yadda zan rubuta wannan a dayari ba amma shi ne abin da na fi tunawa a zangon.

Malamin Lissafi:
To Allah ya sa ta ɗore. Amma fareti mako uku dai ya yi yawa, a nan na tsaya.

Ɗan Zuru:
Wani abu da nake so Baba ya yi mana magana a kai. A 2022 gwamnatin tarayya, lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi, ta ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa har aji shida. Ku a wajenku abu ne mai sauƙi, Hausa ce a gida Hausa ce a kasuwa. Ni a ajina akwai mai jin Dakarci a gida, akwai Bafulatani, akwai Bahaushe, littattafan da ke kabad kuma duk na Turanci ne, jarabawar shiga sakandare ma da Turanci za ta zo. Sai ka ga malami na karanta jimla da Turanci, ya fassara da Hausa, yaro ya kwafe Turancin da bai san me ya ce ba. Wannan ma yana cikin abin da ke haifar da na ukun Hedimasta.

Baba Mai Fansho:
Ɗana ba ni da maganin wannan duka, kuma ko a Yawuri da Kamba za ka tarar da irin ta, ga masu Zabarmanci ga Gungawa ga Kambari. Abin da na gani da idona dai shi ne, yaron da ya iya karatu da harshen da yake ji, kowane ne, in ka kawo mishi Turanci rabin aikin ya ƙare don ya riga ya gane cewa baƙi sauti ne, haɗa su ake. Wanda ko ba ya karatu da kowane harshe, zane kawai yake kwafa. Ka duba wane harshe ne yaranka duka ke wasa da shi a fili lokacin tara, ka fara da shi. Hausa kuma tana da sauƙi guda, yadda anka rubuta haka ake faɗi, ba kamar Turanci ba da za a rubuta harafi a ce maka kada ka faɗe shi.

Admin:
Jama'a kwana biyu zauren ya yi shiru, azumi ya kama kowa. Na shigo ne da sanarwa, kun dai ji labarin sanƙarau da ya ɓulla wajen Gwandu da Jega da Aliero, an yi rashe-rashe, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Don Allah a gaya wa iyaye, zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuya ya sanƙare, ko amai, ko yaro ya ƙi son haske, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, asibiti kai tsaye, ba kemis ba, kar a ce bari a ga gobe. A rage cunkoso a ɗakin kwana a buɗe tagogi.

Mai Albasa:
Amin. Abin ya zo kusa da mu ƙwarai, unguwarmu an kai yara biyu asibiti, guda ya dawo gida jiya da sauƙi. A sa mu addu'a.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya ba su lafiya Alhaji. Malam Ɗan Zuru ka gani ko, yanzu da yara tamanin na cushe a ajin Malama cikin wannan zafi da ƙura fa?

Ɗan Zuru:
Allah ya sawwaƙe, ya tsare mana yara duka. Hajiya na yarda a wannan karon zamansu a gida ya yi amfani, amma ba don sanƙarau aka tsara hutun ba, dacewa aka yi. Kuma ajin da ke da haɗari a Maris yana nan da haɗarinsa a Afrilu, tagogi biyu ne ɗaya ma an toshe da kwano. Ra'ayina kan hutun bai canza ba.

Malamin Lissafi:
Ni tambayata ga Hedimasta ce, tunda kai ka tayar da ƙurar. Zango na uku ga jarabawar ƙarin aji ga 'yan aji shida da za su fita, ga ruwa zai sauka a koma gona. Me za ka yi daban? Kar mu yi ta surutu mu koma mu ci gaba da cike dayari.

Hedimastan Bakin Gulbi:
Malam tambayarka daidai ce. Na yi magana da malamaina huɗu ta waya, mun shirya makon farko ba darasi, gwaji ne, kowane yaro daga aji biyu zuwa shida zai zo gaban malami shi kaɗai a miƙa mishi kwali, harafi, gaɓa, kalma, jimla, ɗan labari, inda ya tsaya a rubuta. Daga nan awar farko ta kowace rana a rukuni za a zauna ba a aji ba, ko da ɗan aji shida zai zauna da ɗan aji biyu, kuma na san nan za a sha rigima don manyan za su ji kunya, ina tunanin in ba su rukuninsu daban a ƙarƙashin darbejiya. Dayari kuma abin da anka koyar shi za a rubuta, in baƙi sunka zo ni zan tsaya gabansu ba malamin aji ba. Ban san ko za mu ɗore ba, malami huɗu da ni na biyar ga aji shida, in guda ya yi rashin lahiya shirin ya rushe.

Yaron nan kuwa na je gidansu. Baba ka canka, izunshi biyar. Uban ya so ya dake shi da ya ji abin da ya kawo ni, na ce in akwai mai shan duka a nan ni ne. Yanzu shina zuwa zaurena da hantsi shi da wasu uku, rabin awa kawai don ni ma azumin na jin jiki. Da murhun kwalbar Malama muke yi. Jiya ya haɗa ƙo da ƙa da ri da kanshi, ya tsaya shina kallonta, sai ya ce Malam ai wannan ce ta jikin katina.

Malamar Aji Ɗaya:
Allahu akbar. Ranka ya daɗe ka riƙa raba masa ƙ da k da wuri, da ɗ da d, nan suke yawan tuntuɓe. Kuma maka mai gogewa kar ka saya, ka nemi wadda ba ta fita, yara da gumin hannu suke share rubutun.

Sabon Malami:
Ranka ya daɗe don Allah in ka gama kwalin gwajin ka ɗauki hotonsa ka turo nan, ni ma in kwafa. Kuma wa ya san inda zan samu kwali mai arha a Jega? Na kantin da na tambaya ya yi min tsada.

Mai Albasa:
Malam ka je wajen masu sayar da taliya da sabulu cikin kasuwa ka roƙi kwalayen da sunka zazzage, ka juya bayansu. In ka shigo Aliero ranar kasuwa ka neme ni, akwai su jibge a shagon ƙanena.

Admin:
Hedimasta a turo hoton kafin Sallah don mutane su samu lokacin yankawa. Saura minti goma a sha ruwa a nan Birnin Kebbi, na sauka.